Bazday ɗin yara a Bauchi: yadda za ki yi taron, ki raba leda, ba tare da kin ci bashi ba

Duk uwar da ke da yaro a makarantar kuɗi a garin nan ta san ranar da zai dawo gida riƙe da leda mai hoton wani ɗan ajinsu, ya zazzage ta a tsakar ɗaki, sannan ya ɗago ya ce, "Mama, ni yaushe za a yi nawa?" Amsar ta yi nauyi a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata daraja a watan Yuni na shekarar, kusan duk abin da ake zubawa a ledar rabo ya tashi, domin yawancinsa daga waje ake shigo da shi ko kuma da kayan waje ake yin sa: balan-balan, 'yan motocin roba, cakulan, fulawa, bota. Mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma akwai taron bazday ɗin da ke lashe fiye da haka kafin a yi sallar Magariba.

Na san akwai gidajen da ba sa bikin zagayowar ranar haihuwa sam, bisa fatawar malaman da suke bi, wasu kuma sadaka da addu'a kawai suke yi. Wannan shawara ce ta kowane gida da mai shi. Abin da zan faɗa a nan zai yi wa mai walimar sauka ko ta kammala firamare amfani daidai da mai bazday, tunda duk taron yara ne, kuma duk sai an raba wani abu.

Ki fara yanke kuɗin, kafin ki fara sha'awar komai

Yawancinmu a baibai muke farawa. Sai an ga kek a waya, an ga kwalliyar da wance ta yi, an ƙulla abin a rai, sannan a koma neman kuɗin da zai kai. A haka ake taɓa kuɗin cefane, a karɓi kwasar adashi tun kafin lokaci, wata ma ta ɗauko kaya bashi a shagon unguwa.

Ki zauna da maigida wata guda ko biyu kafin ranar, ku faɗi adadi ɗaya, ki rubuta shi a takarda. Kafin ku faɗa, ku yi wani lissafi da ake yawan mantawa: yara nawa ne a gidan? Abin da aka yi wa ɗaya, shi sauran za su jira. Idan 'ya'ya huɗu gare ku, kuɗin da kuka yanke sau huɗu za ku kashe shi a shekara. Idan gidan mata biyu ne ko uku, to maganar ta wuce ta yara, ta koma ta adalci tsakanin ɗakuna, kuma maigidan da ya yi wa ɗan ɗaki ɗaya kanofi da mai kiɗa ya san abin da ya jawo wa kansa. Wasu gidajen sun huta da wannan ta hanyar haɗa yaran da watanninsu ke kusa a yi musu rana ɗaya, ko a ce taro sai a shekara ta 5 da ta 10, sauran shekarun kuwa kek ɗin gida da addu'a.

A ce kun tsaya a kan naira 40,000, yara 20. Ga yadda ni zan raba ta, misali ne kawai, ki daidaita da naki aljihun:

- 4,000 a ware gefe, ba a taɓawa sai abin da ya taso ba zato
- 15,000 abinci da abin sha
- 10,000 ledar rabo, wato 500 kowane yaro
- 8,000 kek
- 3,000 balan-balan, kyandir, kofuna da 'yan ƙananan abubuwa

Wannan 500 ɗin ita ce lambar da za ki riƙe a ka idan kin shiga kasuwa. Duk abin da kika ɗaga, ki ninka kuɗinsa sau 20 kafin ki ce a sa miki a leda. Abin naira 150 ba ya kama da kuɗi a hannu, amma 3,000 ne.

Kuɗin kuma ki riƙe shi tsaba a ambulan ko ki tura shi wani asusu dabam. Taransifa ɗai-ɗai daga asusun da ake cefane ba ta bari mutum ya ga inda ya kwana.

Ƙirga kawuna

Nan ne ake cin riba ko a faɗi. Akwai hanyoyi biyu, kuma shawarata ki zaɓi ɗaya: ko a makaranta, ko a gida. Mai yin duka biyun ta biya sau biyu, kuma sau da yawa yaran da suka karɓa da safe a aji su ne za su sake karɓa da yamma.

Idan a makaranta ne, ki je da kanki wurin malamar ajin mako biyu kafin ranar. Ki tambaye ta yara nawa ne a rajista, ba yadda ɗanki ya ƙiyasta ba. Ki tambaya ko makarantar ta yarda a kawo dafaffen abinci, domin wasu sun hana, wasu ma sun hana bikin ɗungurungum. Ki tambaya ko akwai yaron da ba ya cin gyaɗa ko madara. Sai ki ƙara leda biyu ko uku a kan adadin, ki kuma ware wa malamar da mai kula da yaran nasu. Alherin makaranta shi ne adadin a rufe yake, babu ƙari. Matsalarta kuma ba ki da ikon rage shi: idan ajin yara 35 ne, 10,000 ɗin nan ta koma ƙasa da naira 300 kowane kai, dole ledar ta rage nauyi.

A gida kuwa ke ce mai gayya, amma kin san garinmu. Kin gayyaci yaro ɗaya, zai zo da yayarsa da ƙannensa biyu, uwar ta rako su da goyo, ga yaran maƙwabta da suka ji hayaniya, ga almajirai a bakin ƙofa. Gayyar soɗi ba abin faɗa ba ce, abin shiri ce. Ki kasa mutanenki gida biyu tun a takarda. Kashi na farko waɗanda aka gayyata da suna, su ne masu leda. Kashi na biyu duk wanda Allah ya kawo, su kuma a tanadar musu babbar roba ta gugguru ko fanke da zoɓo, kowa ya samu ya tafi da daɗin rai. Tukunya guda ta dafa-duka ta bakin ƙofa ba ta kai kuɗin leda goma ba, kuma ladanta dabam.

Gayyar ki tura ta kai tsaye ga iyayen ta WhatsApp, kowa shi kaɗai. Kada ki ɗora a sitatus kafin ranar, don wanda duk ya gani ya ɗauka da shi ake. Ki rubuta lokacin farawa da na tashi, ki kuma faɗa cikin ladabi cewa ɗan zama ne na yara. Katin gayyata na bugawa asarar kuɗi ce.

Shekarun yaron ma suna da magana. Ɗan shekara ɗaya bai san ana yi ba, galibi kuka ma yake yi saboda taro da zafi. Hoto mai kyau, ɗan kek, sadaka, an gama. Daga shekara 4 zuwa 9 ne yaro ke jin daɗin taro sosai. Wanda ya haura 10 kuwa sau da yawa ya fi son abokai uku ko huɗu, a saya musu tsire ko a fita da su, a kan a cika gida da ƙananan yara.

Rana da lokaci

Ki sa taron bayan La'asar, a tashi kafin Magariba. Yaran sun ci abincin rana a gidajensu, saboda haka abin taɓawa ya wadatar. Da hasken rana za a yi, babu zancen janareta da mai. Kiran salla kuma shi ke sallamar baƙi ba tare da kin kori kowa ba. Awa biyu ta ishi yara. Abin da ya wuce haka faɗa ne da kuka.

Alhamis ko Juma'a da yamma sun fi, tunda ranakun ne yawancin Islamiyyu da makarantun allo ke hutu. Ba dole ba ne sai ranar haihuwar cif. Idan ta faɗo ana gab da azumi ko Salla ko Kirsimeti, lokacin da sukari da fulawa da ƙwai ke tsada, ki matsar da taron ko ki sayi busassun kaya tun da wuri. Wanda aka haifa a Maris ko Afrilu, uwarsa ta yi lissafin zafi da ƙanƙara. Na damina kuma a tanadi inda za a gudu idan hadari ya taso.

Wuri kuwa, tsakar gida da tabarmi. Hayar wurin taro, kanofi da kujeru na manya ne, yara a ƙasa suka fi sakewa. Idan gidanki ƙarami ne, gidan kaka ko na 'yar'uwa mai fili yana nan.

Ledar rabo

A nan zan daɗe, don ita ce ke tsiyayar da kuɗi ba a sani ba. Ki tsaya ki kalli ledar da yaro ya kawo gida bayan kwana ɗaya. Biskit da alawa an cinye tun a Keke Napep. Usur ɗin an ƙwace saboda ya hana kowa sakat. Motar roba ta rasa taya. Jakar mai hoto tana kwandon shara. Abin da ya rage fensir ne, ko littafi. Daga nan za ki gane abin da ya cancanci kuɗinki.

Abu uku sun isa leda: abin ci guda ɗaya mai ɗan yawa, abin amfani guda ɗaya, sai ƙaramin abin wasa idan kuɗi sun rage. Idan ba su rage ba, biyun farko sun wadatar.

Abin cin shi ne inda za ki fi samun sauƙi, in dai za ki yi da hannunki. Gugguru ne sarkin araha: gwangwanin madara ɗaya na masarar gugguru yana cika babbar roba. Ki tabbatar masarar gugguru kika saya, ta tuwo ba ta fashewa. Mai kaɗan a tukunya mai murfi, wuta matsakaiciya, ana girgizawa, sukari kuma a zuba shi lokacin da ta fara fashewa don kada ya ƙone. Cincin yana yin mako biyu ko fiye a roba mai murfi idan ya soyu ya huce sosai, don haka za ki iya yin sa tun da sauran kwanaki. Sai kayan gargajiyarmu da muka raina: alawar madara, tuwon madara, gullisuwa, kwakumeti, kantun riɗi, ɗan dabino da aya. Yaran yanzu da yawa sun fi ɗokin waɗannan a kan biskit ɗin da suke gani kullum a akwatin abincinsu. Idan ba ki iya ba, kusan kowace unguwa akwai matar da sana'arta ke nan. Ki ba ta aiki da wuri, ki ce ƙanana kike so na rabo, kuɗinki ya zauna a unguwa.

Ƙullawa kuma ba wuya. Farar leda ƙarama, a zuba, a naɗe bakin a gifta shi ta gefen harshen kyandir, ya like. Ki bari komai ya huce tukuna, in ba haka ba gumi zai sa ya yi laushi.

Abin amfani: fensir da kilina, ko littafin rubutu mai shafi 40, ko ƙaramin fakitin kala, ko ribon da abin ɗaure gashi ga 'yan mata. Duk ana sayar da su dozin-dozin. Ki lura dozin 12 ne, saboda haka yara 20 dozin biyu za ki saya, huɗun da suka rage su zama na ko-ta-kwana ko na gida. Ki kauce wa sayen kayan rubutu a makon komawa makaranta na Satumba, lokacin kowa na nema. Kuma ki sayi iri ɗaya, launi ɗaya in zai yiwu. Ranar da aka ba wani ja aka ba wani shuɗi, za ki raba faɗa.

Abin wasa: balan-balan guda ɗaya, ko sitika. Shi ke nan.

Akwai abubuwa uku da nake ganin a bar su. Na farko lemon kwali ko na roba a cikin leda. Shi kaɗai yana iya cinye rabin kuɗin kai ɗaya, alhali yaron ya riga ya sha zoɓo a wurin taron. Na biyu buga hoton yaro da sunansa a jaka, kofi, littafi ko sitika. Masu bugawa suna da mafi ƙarancin adadin da suke karɓa, sai ki ga kin biya na 50 alhali 20 kike buƙata. Ban da kuɗin ma, fuskar ɗanki da cikakken sunansa, wani lokaci har da sunan makarantarsa, za su ƙare a bola da kwata, kowa na gani. Na uku tarkacen roba masu ƙananan ɓangarori. Araha ba ta ado, kuma waɗannan ko kwana ba sa yi.

Jakar kanta fa? Ambulan mai ruwan ƙasa, irin na ofis, yana ɗaukar littafi da fensir da ƙullin cincin. Ki ba mai bazday ɗin da 'yan'uwansa kala su rubuta sunan kowane baƙo, su yi zane. Aikin yamma guda ne, kuma yaron zai ji da hannunsa a ciki. Idan kina ɗinki ko kina da tela na kusa, ragowar ƙyallayen atamfa suna yin 'yan jakunkuna masu zariya, waɗanda yara mata ke ci gaba da zuba kayansu a ciki har a Islamiyya. In duk babu, leda mai launi ta dozin da ɗan zare ta yi.

Wata magana da ba ta kuɗi ba amma dole a faɗe ta. Yaran da ba su kai shekara 4 ko 5 ba suna iya shaƙewa da gyaɗa, aya, gugguru da alawa mai tauri. Balan-balan da ba a hura ba, ko fasasshe, shi ma haɗari ne ga ƙananan yara, don suna sa shi a baki. Idan 'yan nazire ne, ki yi musu ledar da ta dace da su: kap-kek ko biskit mai laushi da kala, ki hura balan-balan ki miƙa a hannu.

Shiga kasuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sayayya kashi biyu ce: busassun kaya mako biyu kafin ranar, ɗanyu kuma ana gobe.

Busassun, wato fulawa, sukari, bota, masarar gugguru, zoɓo, citta, kanumfari, leda, fensir da balan-balan, ki nemi shagunan 'yan sari a Wunti ko Babbar Kasuwa. Kayan miya, kankana, lemo, abarba da ƙwai kuwa Muda Lawal, da safe. Ki tafi da jerin a rubuce, ki bar yaran a gida. Yaro a kasuwar kayan wasa ƙarin kuɗi ne.

Ki tambayi shago uku kafin ki ciro kuɗi. Idan an faɗa miki kuɗin katan ko fakiti, ki tambaya guda nawa ne a ciki, ki raba a wayarki, ki kwatanta da na ɗai-ɗai a unguwa. Wani lokaci bambancin bai kai kuɗin Napep zuwa da dawowa ba, musamman ga mai fitowa daga nesa kamar Yalwa ko Gida Dubu. Sari yana da riba ne idan za ki yi amfani da duka. Idan katan ya fi ƙarfinki, ki nemi wata uwar da nata bikin ke kusa ku raba.

Duk abin ci na kwali ko leda, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan kika ga cakulan ko biskit ya yi arahar da ta ba ki mamaki, juya bayansa ki karanta. Akan karya farashin kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa. Idan saura wata biyu ne kuma jibi za a cinye, babu laifi, kin yi sa'a. Idan kwanan ya wuce, ko an goge wurin, ko an liƙa wata takarda a kai, ajiye musu abinsu.

Ki sayi abin da ke yayi. Mangwaro da kankana lokacin zafi, lemo da hunturu, gyaɗa da sabon zoɓo bayan kaka. Kuma kada ki ji kunyar neman ragi da gyara. Wanda ya sayi dozin biyu ya cancanta.

Abinci, abin sha da kek

Abinci kala ɗaya. A Bauchi muke, masa ba ta ba da kunya. Ki yi magana da mai masar unguwarku kwana biyu kafin ranar, ko ki ba ta shinkafarki ki biya ladan aiki. Masa uku da ɗan sukari ko ƙuli ta ishi ƙaramin yaro. Awara, fanke ko dafa-dukan taliya su ma suna ƙosarwa da kuɗi kaɗan. Abin da ke fasa lissafi shi ne yankan kaza ga kowane kai. A maimakonsa ki yanka nama ƙanana ki juya cikin shinkafar, ko ki dafa ƙwai ki raba biyu: kiret ɗaya 30 ne, ya zama 60.

Ki zuba wa yara a manyan farantai, huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kamar yadda aka saba ci a gida. Robar tekawe kuɗi ce, kuma rabin abincin da aka zuba wa yaro shi kaɗai zubarwa ake yi. Dafaffiyar shinkafa kada ta wuce awa ɗaya a buɗe cikin zafi. Ki sauke ta kusa da lokaci, ki rufe a kula.

Abin sha zoɓo ne ko kunun aya ko lemon tsamiya da citta. Zoɓo ya fi haƙuri. Kunun aya kuwa ba ya jure zafi ko kaɗan, in babu ƙanƙara sosai zai yi tsami kafin baƙi su zo. Ki yi da ruwa mai tsabta, ki zuba a babbar kula, a riƙa ɗiba da kofi. Kada ki sayi tsofaffin robobin da aka tsinto don ɗurawa, ba ki san inda suka fito ba. Tunda wuta ba ta da tabbas, ki yi cinikin ƙanƙara tun ana gobe. Jakar fiya wata 20 ce a ciki, biyu sun isa irin wannan taro.

Kek shi ne abin da yaron zai tuna, amma ba girmansa yake tunawa ba, hura kyandir da yankawa yake tunawa. Dabarar ita ce ƙaramin kek ɗaya na yanka da hoto, sai ƙananan kap-kek na rabo. Idan saye za ki yi, ki ce wa mai yi hawa ɗaya, kwalliya sassauƙa, ba mutum-mutumin katun ba, don aikin kwalliyar ne ke ninka kuɗin. Ki ɗora wata motar wasa ko 'yar tsanar da yaron ke da ita a kai bayan kin wanke ta. Lokacin zafi kwalliyar bota narkewa take yi, ki karɓo shi a ranar, ki ajiye a ɗaki mai sanyi.

Idan da kanki za ki yi, ga awo mai sauƙi: bota leda ɗaya mai giram 250, sukari gwangwanin madara ɗaya da rabi, ƙwai 5, fulawa gwangwani 3, bekin fauda ƙaramin cokali 2, ɗan filebo. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, nan ne sirrin yake, kada ki yi gaggawa. Ki riƙa fasa ƙwai ɗaya-ɗaya kina bugawa, sannan ki tankaɗe fulawa da bekin fauda ki juya a hankali. Wannan kwaɓin zai ba ki ƙananan kek wajen 20, gwargwadon gwangwaninki. Rashin oben ba ya hana: ki zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu a gindin babbar tukunya, ki rufe ta yi zafi, ki jera gwangwanayen da kika shafa wa bota, wuta ƙasa-ƙasa. Kada ki buɗe a minti 15 na farko. Idan kin soka tsinke ya fito a bushe, ya yi. Wadda ba ta taɓa yi ba ta gwada rabin awo mako guda kafin ranar.

Abin da zai riƙe yaran

Mai kiɗa, gidan tsalle na iska da mai shigar katun duk haya ce ta awa, kuma ƙananan yara da yawa tsoron mai shigar katun ɗin suke yi. Ƙaramar sifika da waya sun isa. Ki nemi budurwa ɗaya ko saurayi a dangi mai son yara ki damƙa masa wasa: langa, 'yar gala-gala, tsallen igiya, ɓuya, kacici-kacici, zagayen kujeru. Idan sun gaji a zaunar da su, kaka ko gwaggo ta yi musu tatsuniya. Kyautar wanda ya ci wasa ta fito daga rarar fensiran nan. Ki dai tabbatar kowa ya ci wani abu, ko da na wanda ya fi kowa dariya ne.

Kwalliya bango ɗaya kawai, inda za a yi hoto: zanin gado mai haske ko atamfa, balan-balan fakiti ɗaya, sunan yaron a kwali da hannu. Anko ba shi da wuri a bazday ɗin yaro, kayan Salla suna nan a akwati. Hoto kuma a ba mutum ɗaya mai waya mai kyau, a ɗauka tun farko kafin kaya su ɓaci da zoɓo.

Ranar, da washegari

Ledojin su zauna a ɗaki a kulle har lokacin tashi. Idan aka raba da wuri, za a cinye, a yar, a dawo a ce ba a samu ba. Mutum ɗaya babba ya tsaya a bakin ƙofa, yana kiran suna yana miƙawa, yaro na karɓa yana fita. Za a samu uwar da za ta ce, "Maman Walid, a ba ni na ƙaninsa da ke gida." Saboda ita ne kika ƙulla rarar gugguru da cincin guda goma a gefe, ki miƙa mata da fara'a, ledar mai suna kuma ta tsaya ga mai ita. A makaranta, ki damƙa wa malamar komai a ƙirge, ta raba lokacin tashi.

Idan wata 'yar'uwa ta tambaya me za ta kawo, kada kara ta sa ki ce babu komai. Ki faɗa mata takamaimai: ƙanƙara, ko kiret ɗin ƙwai, ko ta zo da wuri ta taya ki suya.

Washegari ki ɗauko takardar nan ki rubuta abin da aka kashe a gaban abin da aka yanke, da abin da ya yi saura, da abin da bai isa ba, da mutum nawa suka zo a kan nawa aka gayyata. Ragowar leda, kyandir, kofuna, fensir da kwalin suna ki haɗa su a jaka ɗaya ki ɗaga sama inda yara ba sa kaiwa. Balan-balan ne kawai ba ya son ajiya mai tsawo a zafi, yana manne wa juna. Sai ki duba watan yaro na gaba, ki raba kuɗin da watannin da suka rage. Idan 40,000 ce kuma saura wata takwas, 5,000 ke nan duk wata a asusu.